Kwaɗo Da Mabuɗi: Yadda Ilmin Rubutun Asiri Ke Tsaron Dukiyar 'Yan Kasuwar Borno

MAIDUGURI — Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya yi, wani babban kaso na cinikin da ake yi a Maiduguri da kewayenta ya koma kan wayar hannu. Masu sayar da shinkafa, da dillalan shanu, da fataken kifi, waɗanda a da ba su yarda da kome ba sai kuɗi a hannu, yanzu suna karɓar biya ta asusun banki ko kuma ta wurin mai POS.

Wannan sauyi ya zo da tambayoyi uku waɗanda ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san amsarsu. Ta farko, me ke hana wani ya karanta ko ya sauya saƙon kuɗi a kan hanyarsa? Ta biyu, wa ke ganin bayanan mai asusu, kuma me doka ta ce game da su? Ta uku, me zai faru idan aka katse layin da dukkan cinikin ya rataya a kansa?

Mazaɓar Dusuman da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jere wuri ne da waɗannan tambayoyi suke da nauyi na musamman. Tana bakin birnin Maiduguri, a kan hanyar da ta nufi Mafa da Dikwa har zuwa Gamboru-Ngala a iyakar Kamaru, kusa da fadamun Jere inda ake noman shinkafa. Yanki ne da ya karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira a shekarun rikicin Boko Haram, kuma a irin wannan wuri sanin wanda ya sayar da amfanin gona, da nawa ya karɓa, da ranar da zai hau hanya, labari ne da zai iya jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A yau cikin da ke riƙe da asirin ɗan kasuwa na'ura ce.

Daga Zaurance Zuwa Lissafi

Ɓoye ma'anar magana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zaurance, inda ake cusa wasu gaɓoɓi cikin kalma ko a juya su domin kada bare ya gane, shi ne mafi sauƙin misali. Rauninsa shi ne duk wanda ya gano ƙa'idar sau ɗaya ya gama da shi. Haka nan tsofaffin hanyoyin rubutun asiri suke, inda ake musanya kowane harafi da wani. A ƙarni na 9, masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake karya irin wannan rubutu ta hanyar ƙirga haruffa. Alal misali, harafin "a" shi ya fi kowane yawa a rubutun Hausa, saboda haka alamar da ta fi maimaituwa a cikin saƙon asiri na Hausa kusan tabbas ita ce ke tsaye a madadinsa, daga nan kuma sauran sai su warware ɗaya bayan ɗaya.

Masana na zamani sun bi wata hanya dabam. Ba su ɓoye ƙa'idar ba, sai suka bayyana ta ga duniya domin kowa ya gwada ƙarfinsa a kanta, suka bar asirin a cikin lamba ɗaya tak wadda ake kira mabuɗi. Tsarin AES, wanda Gwamnatin Amurka ta amince da shi a 2001 bayan gasa a bainar jama'a wadda wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam suka ci, a kan wannan tushe yake, kuma shi ne bankuna da kamfanonin sadarwa ke amfani da shi a ko'ina. To sai dai kuma akwai matsala: mabuɗin da ya kulle saƙo shi ne zai buɗe shi. Ta yaya ɗan kasuwa a Maiduguri zai isar da mabuɗin ga abokin cinikinsa a Legas ba tare da an sace shi a hanya ba?

Kwaɗo A Fili, Mabuɗi A Aljihu

An samo maganin wannan matsala a 1976, lokacin da Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka wallafa dabarar mabuɗai biyu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1977, Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu.

Ana iya kwatanta dabarar da ɗan kasuwan da ya sa aka ƙera masa kwaɗuna masu yawa iri ɗaya, ya rarraba su a buɗe ga duk mai so, amma ya riƙe mabuɗinsu guda ɗaya a aljihunsa. Duk mai son aika masa saƙo sai ya sa a akwati, ya danna kwaɗon. Daga wannan lokaci ko shi mai aikawar ba zai iya buɗewa ba, balle ɗan aike. Kwaɗon shi ne mabuɗin fili, wanda kowa ke gani. Na aljihu shi ne mabuɗin sirri.

Ƙarfin wannan kwaɗo daga lissafi yake. Idan aka ce wa ɗan makaranta ya ninka 61 sau 53, cikin minti ɗaya zai ce 3,233. Amma idan aka ba shi 3,233 aka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Tafiya gaba sauƙi gare ta, dawowa baya kuwa wuya. Lambobin da ake amfani da su a RSA a yau sukan kai tsawon alƙaluma 617, kuma babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka sani a duniya wadda ta iya warware irinsu.

Dabarar tana da amfani na biyu wanda ya fi shafar ciniki. Idan mutum ya buga wa takarda alama da mabuɗinsa na sirri, kowa zai iya tabbatarwa da mabuɗinsa na fili cewa daga gare shi ta fito, kuma ba a sauya ko harafi ɗaya ba. Wannan shi ne aikin da hatimi ya yi a tarihin Borno, inda wasiƙun Shehu ke ɗauke da hatiminsa domin hakimi ko attajiri ya san umurnin na gaske ne. Bambancin kawai shi ne ana iya sassaƙa hatimin jabu, amma ba a sassaƙa na lissafi sai an mallaki mabuɗin. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta amince da sa hannu ta na'ura, ta kuma ba kotu damar karɓar bayanan na'ura a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗan da ta gindaya.

Inda Kwaɗon Ya Kai Da Inda Bai Kai Ba

Ba dukkan hanyoyin biyan kuɗi ne ke da ƙarfi ɗaya ba. Ɗan ƙarfen da ke jikin katin banki ƙaramar na'ura ce mai riƙe da mabuɗi, wadda ke haɗa sabuwar lambar shaida ga kowane ciniki, shi ya sa kwafar katin ke da wuya ƙwarai. Manhajar banki a babbar waya ita ma tana kulle saƙo tun daga wayar har zuwa na'urar bankin.

Hanyar USSD kuwa, wato lambobin da ake dannawa da tauraro da alamar tsani, wadda ita ce madogarar masu ƙananan wayoyi a wurare irin su Dusuman, ba ta da irin wannan kariya daga farko har ƙarshe. A kan tsohon layin GSM saƙon yana dogara ne da tsarin kulle da aka ƙirƙira tun a shekarun 1980, wanda masana suka nuna a fili cewa ana iya karya shi. Amma babban haɗarinta ba wannan ba ne. Haɗarin shi ne asusun yana ɗaure da layin waya, saboda haka wanda ya sace wayar, ko ya yaudari wakilin kamfani aka sake masa layin da sunan mai shi, ya riga ya isa bakin ƙofa, abin da ya rage masa kawai lambar sirri ce.

A nan ne galibin asara ke faruwa. Ɓarayin zamani ba sa wahalar da kansu wajen karya lissafi, sai su bugo waya da sunan ma'aikacin banki ko jami'in raba tallafi, su nemi a karanto musu lambar da ta shigo. Mai asusu da bakinsa yake miƙa mabuɗin. Haka nan wanda ya ba mai POS katinsa tare da gaya masa lambar sirri don bai iya dannawa ba, ya mayar da tsaron dukiyarsa kan amanar mutum ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Game da saƙonni, tun watan Afrilun 2016 kamfanin WhatsApp ya kulle dukkan hirarrakin masu amfani da shi ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ne ke iya karantawa. Amma kulle wasiƙa bai ɓoye ambulan ba. Ana iya sanin wa ya yi magana da wa, yaushe, kuma sau nawa, kamfanin layi kuma ya san turken sadarwar da wayar ke kusa da shi. Ga mai neman sanin harkar ɗan kasuwa, wannan kaɗai labari ne mai yawa. Bugu da ƙari, ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fitar a 2019 sun ba wasu hukumomin tsaro ikon sauraren sadarwa bisa sharuɗɗa, har da neman a miƙa musu mabuɗi.

Yatsa Ba Ya Sauyuwa

Tambaya ta biyu ta shafi rumbunan bayanai. An ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, inda bankuna ke ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska. A watan Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A Borno akwai ƙari a kan wannan, domin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya da Shirin Abinci na Duniya sun yi wa ɗimbin 'yan gudun hijira rajista da zanen yatsu, don tabbatar da cewa tallafi ya isa ga mai shi kuma ba a karɓa sau biyu ba.

Amfanin wannan a bayyane yake, haɗarinsa ma haka. Lambar sirri idan ta fita ana sauya ta, yatsa kuwa ba ya sauyuwa. A watan Janairun 2022 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Ƙasa da Ƙasa ta sanar cewa an kutsa cikin na'urorinta, an kai ga bayanan mutane fiye da 515,000 daga sassan duniya, galibinsu waɗanda yaƙi ko bala'i ya raba da iyalansu. A cikin gida kuma, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan NIN na 'yan Nijeriya a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba, ko da yake hukumar da ke ba da lambar ta musanta cewa an fasa rumbunta.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa hukuma ta musamman kan wannan batu. Ta wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa; ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Ya kamata 'yan kasuwa su lura cewa dokar ba manyan kamfanoni kaɗai ta shafa ba. Mai POS, ko mai shagon rajistar layi, ko ɗan kwangilar raba kayan tallafi da ke tara hotunan katin shaidar mutane a wayarsa, shi ma mai riƙe da amanar bayanai ne.

Ranar Da Aka Katse Layi

Tambaya ta uku, mutanen Borno sun san amsarta a aikace. A ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, cikin 'yan kwanaki kuma aka rufe layukan wayar hannu bisa dalilan tsaro. Maiduguri ta yi makonni masu yawa babu waya, har 'yan kasuwa na yin doguwar tafiya zuwa wasu jihohi domin kawai su ji farashi ko su yi odar kaya. A wancan lokaci ciniki na kuɗi a hannu ne, saboda haka kasuwa ta ci gaba da ci ko da da ɗingishi. Idan aka maimaita haka a yau, biyan kuɗin kansa ne zai tsaya, kamar yadda aka gani a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna lokacin da aka rufe layuka a 2021.

Ba umurnin gwamnati kaɗai ke katse layi ba. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda sun rusa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, abin da ya jefa Maiduguri cikin duhu na tsawon watanni. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Nijeriya suka kasa aiki yadda ya kamata. A watan Satumban wannan shekarar kuma ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere. Darasin duka ɗaya ne: abin da ya rataya a kan igiya ɗaya, faɗuwarsa ɗaya ce.

Kundin Da Ba Shi Da Magatakarda

Neman kuɓuta daga dogaro da cibiya ɗaya shi ne ya haifar da Bitcoin, wanda wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya bayyana tsarinsa a watan Oktoban 2008. A banki, kundin da ke nuna abin da kowa ya mallaka yana hannun magatakarda ɗaya. A Bitcoin kuwa dubban na'urori a faɗin duniya kowace na riƙe da kwafin kundin. Kusan kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi, kowane shafi kuma yana ɗauke da wata lambar shaida da aka tatso daga shafin da ya gabace shi, kamar zoben sarƙa. Wanda ya goge layi ɗaya a tsohon shafi, duk shafukan da suka biyo baya za su tona shi.

Akwai abubuwa uku da ake yawan fahimta a karkace. Na farko, kundin a buɗe yake ga kowa, saboda haka da zarar an danganta adireshi da sunan mutum, an ga dukkan shige da ficen kuɗinsa. Na biyu, babu ofishin da za a kai kuka. Wanda ya ɓatar da kalmomi 12 ko 24 da ke tsaye a madadin mabuɗinsa ya yi asara har abada, kuma idan ya rasu bai sanar da kowa ba, magada ba su da hanyar isa ga dukiyar, ko da alƙali ya raba gado. Na uku, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya: daga kusan dala 69,000 a watan Nuwamban 2021 ya faɗo zuwa kusan dala 16,000 a Nuwamban 2022. Har ila yau, kundin da ba shi da cibiya ma sai da intanet da wuta ake isa gare shi, don haka da bai ceci ɗan kasuwar Dusuman a 2013 ba.

Matsayin hukuma a kan wannan harka ya sha sauyawa. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin irin waɗannan kuɗaɗe, ya janye hanin a watan Disambar 2023. A 2024 gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da kamfanin Binance, wanda ya daina hulɗa da naira a watan Maris na shekarar. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta sanya kadarorin na'ura ƙarƙashin kulawar Hukumar Hannayen Jari. A watan Afrilun wannan shekarar ne kuma shirin CBEX, wanda ya yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗi cikin wata guda, ya ruguje da dukiyar mutane masu yawa, kamar yadda MMM ya yi a ƙarshen 2016.

Babban Banki ya gwada nasa samfurin. A ranar 25 ga Oktoban 2021 aka ƙaddamar da eNaira, kuɗin na'ura na farko da wani babban banki ya fitar a Afirka. An gina shi da dabarar kundin sarƙa, amma bankin ne ke riƙe da kundin, saboda haka cibiyar tana nan daram. Wani nazari da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya wallafa a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun eNaira ba a taɓa su ko sau ɗaya a cikin mako. Masu lura da al'amura sun danganta wannan da cewa bai ba talaka wani abin da asusun banki ko mai POS bai riga ya ba shi ba.

Abin Lura Ga Ɗan Kasuwa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da matakai kaɗan masu sauƙin kuɗi. A sa wa katin layin waya lambar kulle tasa ta daban, domin kada ya yi aiki a wata waya idan an sace. A ware layin da ke ɗaure da babban asusu daga layin da ake bai wa kowa a kasuwa. Kada a karanta wa kowa lambar da banki ya turo, ko da ya ambaci sunan mai asusu da ranar haihuwarsa daidai, domin waɗannan bayanai ne da ake saye. Kada a saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon da ya shigo, sai an duba asusu an ga kuɗin ya zauna. A riƙe asusu a wurare biyu da layukan kamfanoni biyu, tare da kundin takarda na bashi da ajiya. Mai riƙe da kadarar na'ura kuma ya rubuta yadda magada za su isa gare ta, ya ajiye a wurin amintacce.

Shi kansa lissafin ba a bar shi ya yi barci ba. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata sabuwar irin na'ura da ake kira kwantam, idan ta girma, za ta iya warware lambobin RSA. Har yanzu ba a ƙera mai wannan ƙarfi ba, amma a watan Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsare uku da aka shirya domin jure mata, kuma sauya kwaɗunan bankuna zuwa gare su aiki ne da zai ɗauki shekaru da kuɗi masu yawa.

Wannan nauyi ne da ke kan bankuna da hukumomi. Nauyin da ke kan mai shago a Kasuwar Monday ko mai sayen shinkafa a Dusuman ya fi wannan sauƙi, amma ba wanda zai ɗaukar masa: ya san wane mabuɗi ne a hannunsa, ya kuma san wanda ya ba.